Tulun Bakin Rijiya

Kunya ta kusa kashe maigidana, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Sunansa ba zan rubuta ba. Ban taɓa faɗinsa da bakina ba, ba kuwa da tsufana zan fara ba.

Shekarun yaƙin duniya na Nasara ne, lokacin da tufa ta yi wuya har mata na aron zane su je suna. Rijiyar gidanmu a Karofan ta rufta, Baba kuma ya manyanta, ba shi da ɗa namiji. Maigida ya ɗauko ni da goyona daga garinsu Allakai, ya ce shi zai haƙa wa surukinsa sabuwa. Tsakiyar bazara ce, ƙasar Adar kuwa dutse ce, sai an yi ta saranta da dagi.

Kowace safiya Baba zai cika tulu ya ajiye bakin ramin, ya tsaya yana jawo kwandon ƙasa har rana ta faɗi. A wurinmu kuwa mutum ba ya ci ba ya sha gaban uban matarsa. Maigida zai fito jiƙe sharkaf da gumi, ya yi salla, ya dubi tulun ya kau da kai, ya koma rami. Sai da magariba yake kurɓar 'yar fura a ɗaki. Fiye da wata aka yi haka. Ni nake mayar da tulun gida, na san nauyinsa bai ragu ba, amma ban ce uffan ba. Har daɗi nake ji wai na auri mai kunya.

Ranar da maigida ya fara ganin danshi a gindin ramin aka jawo shi a duƙunƙune, ya dafe kwiɓi, yana amai. Fitsari ya koma ɗigo-ɗigo, ja kamar ruwan goro. Muka jiƙa masa jar kanwa, wanzami ya yi masa ƙaho, ba abin da ya sauya. A rana ta uku Baba ya aro raƙumi wurin wani Buzu abokinsa, muka ɗaure maigida a kai muka nufi Madawa. Duk takun raƙumin sai ya cije leɓe, don ko nishi bai yarda ya yi gaban Baba ba.

A gidan likita muka sami majo, wato babban mai duba marasa lafiya. Ya danna bayansa, ya dubi fitsarin, ya ce tsakuwa ce ta taso daga ƙoda ta tokare hanya. Ya ce ya sha ganinta ga masu haƙar rijiya da 'yan aikin hanya: jiki na zubar da gumi, ruwa ba ya shiga, sai fitsari ya yi kauri, gishirin cikinsa ya daskare kamar yadda yake kwantawa a gindin tukunya. Mai yanka ciki yana can nesa, maigida ba zai kai da rai ba. Ya ba shi maganin raɗaɗi, ya nuna babban gora.

"Ya shanye wanga sau huɗu kullum," in ji shi. "In ta hita, ta hita. In hitsari ya tsaya ɗungum, ba ni da dabara."

Aka ba mu rumfa. Baba, don tausayi, ya shimfiɗa buzunsa dab da kan maigida, yana yi masa fifita yana jan tasbaha. Na miƙa ƙwarya, maigida ya juya fuska bango. Na sake miƙawa, ya yi mini ido. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, leɓɓansa sun tsage, ko ɗigon ya daina zuwa. Ni kuma ta yaya zan ce wa ubana ya tashi? Tsoro ya cika ni, haushin su biyun ya cika ni. Da la'asar na dangwarar da ƙwaryar har ruwa ya fallatsa wa Baba a riga.

"Baba, don Allah ka tashi! Kai ka hana shi sha. Tun bakin rijiya bai taɓa tulun nan ba, don kana tsaye. In kana nan mutuwa za shi yi!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "na ga tulun cike. Ni ko na yi ta yabonai cikin gari, ina cewa na samu namiji."

Ya naɗe buzunsa ya fita. Bayan katangar gidan likita ya zauna, ya ba mu baya, inda ko inuwar kirki babu. Maigida ya kama ƙwaryar da hannu biyu. Ya sha, ya amayar, ya sake sha. Na kai wa Baba ruwa, ya ce in mayar wa mai shi. Sai rana ta faɗi Baba yake kurɓa ɗaya.

Kwana biyu muka yi haka. Da hantsin na uku maigida ya ƙwalla ƙarar da ya riƙe tun Karofan, na ji abu ya buga cikin kaskon fitsarinsa, ƙwas. Tsakuwar ba ta kai ƙwayar dawa ba, ruwan ƙasa, mai kaushi. Na sa ta a tafin hannu na kai wa Baba. Ya juya ta da yatsa, ya ce, "Wagga 'yar aba?" sai hawaye.

Maigida ya warke, ya ƙarasa rijiyar da kaka. Majo ya ce masa tsakuwa tana iya dawowa, don haka har ya tsufa gora ba ya barin kafaɗarsa. Duk ranar da muka je Karofan, Baba zai ajiye masa ruwa a zaure, ya ɗauki sandarsa ya bar gidan.

Rijiyar ta yi ruwa mai daɗi, unguwa duka na ɗiba. Baba kuwa har ya rasu bai yarda ya sha ruwanta ba, daga rijiyar bayan gari ake ɗebo masa nasa.