Safiyar da Muka Bar wa Jan Baki Gonar Yaya

Ni ba mai ɗaukar hoton tsuntsu ba ne. Na fi shekara ashirin ina ɗaukar fasfo da hoton suna da na biki a Malumfashi, in ce wa mutum kar ya motsa, ya ƙame. Da waya ta shiga hannun kowa sai sana'ar ta mutu a tsaye. Kyamarar da ta rage mini ta gwanjo ce, abin da ke saita mata gani da kansa ya daɗe da lalacewa. Da hannu nake murɗa zoben gilashin har fuska ta fito. Idona na dama kuma ya fara yana, da na hagu nake leƙawa. Ban gaya wa kowa ba, don ba wanda zai zauna gaban mai hoto mai ido ɗaya.

Shekarar da jan baki ya sauko mana, dawa ta fara ido, ƙwayar da ruwa-ruwa a ciki, daidai lokacin da tsuntsu ya fi sonta. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, gonarsa na bayan Tsiga gefen fadama, ita ce abincin gidansa na shekara. Ya hau babur ɗin haya ya zo ya same ni, muryarsa ta dushe saboda ihun kora. Ya ce sun je wurin malamin gona, malamin ya ce kowane ƙauye kukan jan baki yake, na sama kuma ba za su turo masu feshi ba sai sun ga shaida. An kai hotunan waya, ba abin da ya fito sai wani abu kamar hayaƙi. Ana son hoton da za a ga tsuntsun sosai, har jan bakin nasa.

Na ce zan gwada. Ban ce na iya ba.

Kwana biyu ina yawo a gonar kamar mahaukaci. Garken ya taso daga fadama, in ɗaga kyamara in bi shi ina murɗa zobe, kafin gani ya daidaita sun wuce. Yaya kuwa yana kan rumfar da ya kafa a tsakiyar gona, igiyoyi sun fita ta ko'ina an rataye musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Da sun doso sai ya fizga, gonar ta ɗauki ƙara, su watse. Aikinsa yana kyau, nawa yana lalacewa.

A rana ta biyu da la'asar na gane hannuna ba zai taɓa kamo tsuntsu a sama ba. Sai dai in saita gani a wuri ɗaya in jira shi ya shigo da kansa, yadda ake ɗana tarko. Amma ba zai shigo ba sai an daina korarsa.

Na gaya wa Yaya. Ya kalli gonar, ya juyo ya ce:

"Wato in buɗe wa ɓarawo ƙofa don ka ga fuskarsa da kyau."

Na ce haka ne, Yaya, ba ni da wata dabara. Ya tambaya tsawon wane lokaci. Na ce da na samu zan ɗaga hannu, shi kuma ya ja igiya. Ya ce to, Allah ya sa hannun nawa ba mai nauyi ba ne.

Da safe na zaɓi zangarniya ɗaya mai cika a gefen da suke fara sauka, na ɗaura mata tsumma a wuya don kar ta ɓace mini. Na ja baya taku bakwai, rana a bayana. Na murɗa zoben a hankali har na ga ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, na ɗaure shi da roba don kar ya goce. Na ƙara wa kyamarar saurin ƙiftawa iyakar abin da take iyawa. Na tsuguna cikin karan dawa na lulluɓa da buhu.

Sun zo. Ban taɓa jin gona ta yi shiru haka tsuntsu na cikinta ba. Ba gwangwani, ba ihu, sai ƙarar bakinsu a kan dawa da ɓawon da ke zubowa a kan ganye kamar yayyafi. Na bar kallon garken, na zuba ido a kan zangarniyata kawai. Duk wanda ya buɗe fiffike zai sauka a kanta, sai in danna tun kafin ƙafarsa ta taɓa. In ka jira sai ka gan shi sosai, ka makara.

Na danna, na duba ɗan allon bayan kyamara. Da wannan idon nawa ban iya rabe ko ya fito ko bai fito ba, komai dishi-dishi. Na sake dannawa, na sake dubawa, haka dai. Ina hango Yaya a kan rumfa, igiya a hannunsa a sake, ya zuba mini ido. Karan dawa na lanƙwasawa saboda nauyinsu. Na san ya kamata in ɗaga hannu. Amma ina tsoron in ɗaga, mu je a ce babu ko ɗaya, a ce a sake buɗe musu gonar gobe. Sai na ci gaba. Har rana ta ɗaga ta fara zafi kafin hannuna ya tashi. Yaya ya fizgi igiyar har ɗaya ta tsinke.

Muka zaga gefen fadama tare. Zangarniyoyi a tsaye, fari fat, ba ƙwaya. Yaya ya murje guda a tafin hannu ya hure.

A Funtua, wurin da ake wanke mini hoto, mai shagon ya buɗe su a babban allo. Hoto na uku ya tsaya a kai. Tsuntsun a sama, fiffike a buɗe, bakin ja jawur, bayansa kuma garken ya rufe sama. Ya ce wannan ko a littafi sai haka. Sauran arba'in da wani abu ba wanda ya kai shi. Na uku. Ko minti biyu ba a yi da saukarsu ba na same shi.

Malamin gona ya karɓa ya tura. Bayan kwana tara aka zo aka yi feshi a ciyayin fadamar da suke kwana. Gonakin da ba su kai ga nuna ba sun tsira, mutane har gida suka zo yi mini godiya. Yaya kuwa abin da ya ɗaure a shekarar bai kai su bazara ba. Na kai masa hatsi daga nawa, ya karɓa don ba yadda zai yi.

Ranar da ake sussuka muna zaune a gindin tsamiya, sai ya tambaye ni wane hoto ne aka ɗauka a cikinsu. Ya ce shi a ransa na ƙarshe-ƙarshen nan ne, tun da na daɗe haka.

Na ce, "Na ƙarshe ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai ya ce Alhamdulillahi, ashe jiran bai tafi a banza ba. Ya tashi ya koma wurin masu sussuka.

Har yau haka ya sani.