Na Sallami Matar da Ta Zo Kai Mijina Asibiti

Shin matar nan taimakonmu ta zo yi, ko kuwa maganin mijina Malam ta zo ɗauka? Na daɗe da fita takaba, amma har yau ban san amsa ba. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta muku wannan, ina faɗa ina share hawaye.

A Ƙofar Sauri muka zauna da mijina tun ina da ƙuruciya. Mai maganin gyambo ne, ni kuma nake daka masa. Bagaruwa da sassaƙen marke nake shanyawa a inuwa, in daka, in tankaɗe, shi kuma ya wanke ciwon mutane ya barbaɗa. Har daga ƙauyuka ake zuwa, kuma Allah yana ba da sauƙi.

Wata rana wata mata ta zo, ta ce daga jami'a take, suna gwada itatuwan magani. Ta durƙusa ta gaishe ni, tana ce mini Inna, amma idonta na kan turmina. Malam ya ɗebar mata garin. Na ce masa wanda ya tambayi hanyar rijiyarka gobe da guga zai dawo, ya yi dariya ya ce ni ko ɗan tsako ya shigo gidan sai na tambaye shi wa ya aiko shi.

Bayan wata biyu ta dawo. Ta ce sun jiƙa garin sun gwada, ya kashe wasu ƙwayoyin cuta. Baurin nan na bagaruwa da majema ke gyara fata da shi, in ji ta, shi ne ke aikin, sai dai akwai ƙwayoyin da bai taɓa ba, kuma ba ya kaiwa ciwon da ya yi zurfi. Tana cikin bayani ta ga ƙafar Malam a ɗaure. Ƙusa ce ya taka, ga shi da ciwon suga. Ta roƙa ya kwance, ta duba, ta ce wannan ya wuce barbaɗe, za ta zo da mota jibi a kai shi asibiti.

Da ta fita na zauna na yi ta saƙa. Me ya sa sai da ta karɓi garin sannan ta ga gazawarsa? In aka ga mai maganin gyambo a layin asibiti da gyambo, wa zai sake zuwa gidanmu? Ranar da ta zo na tare ta a zaure, na ce Malam ya tafi ƙauye, ba mu san ranar dawowa ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in gaishe shi.

Na ci gaba da wanke ƙafar safe da yamma. Sama ta bushe kamar za ta warke, ashe ciki ruɓa take. Da zazzaɓi ya kwantar da shi 'yan'uwansa suka ɗauke shi zuwa asibiti, likita ya ce ciwon ya riga ya shiga jini.

Yanzu ina jin ana sayar da irin garinmu a kwalba. Ko da hannunta a ciki, Allah masani, ni dai ban yarda da ita ba har gobe. Amma ko ɓarawo ne ya ce maka gidanka na ci da wuta, ka fara leƙawa kafin ka kore shi. 'Yan'uwana mata, itace magani ne, amma yana da iyaka. In ciwo ya ƙi, kada ku tsaya tsaron suna kamar yadda na yi.

Ranar da zai cika na sunkuya zan gaya masa ƙaryar da na yi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Na ji muryarta ran nan a zaure. Shiru na yi don kada in ƙaryata ki a gaban baƙuwa."