Shirun Da Na Yi A Jana'izar Alhaji

Ina gona a Rurum ina ciran ciyawa cikin gyaɗa, wani ɗan acaɓa ya zo ya gaya mini yayana ya rasu a Rano. Ban yi kuka nan take ba. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne shirun da na yi wata rana, shekara biyu kafin nan.

Ni da Yaya mun yi aiki a kamfanin casar shinkafa na wani Alhaji, shi direba, ni mai kula da sito. Da aka kawo tsarin fansho na karo-karo, Alhaji ya tara mu ya ce za a riƙa cire wani abu daga albashinmu, shi ma ya ɗora nasa, a zuba mana a asusu. Aka yi ta cirewa. Sai da ciwon ƙoda ya kwantar da Yaya ya je Kano neman kuɗinsa, aka nuna masa ba a taɓa zuba ko kwabo ba.

Ya shigar da ƙara, ni kuma na tare shi, domin Alhaji ne ya biya mini sadaki. Na kira liman da dattawa aka zauna a zaure, Alhaji ya rantse zai biya bayan kaka. Yaya ya nemi a rubuta. Na harare shi, na ce ba a neman takarda wurin dattijon da ya rantse gaban liman. Ya janye ƙarar.

Alhaji bai kai kaka ba. Ranar jana'izarsa Yaya yana kwance, ya aike ni musamman in yi magana. Aka yi shela har sau uku cewa duk mai bin mamaci bashi ya faɗa. Na dubi 'ya'yan Alhaji suna share hawaye, na dubi jama'a, kunya ta ɗaure mini baki. Da na koma na gaya wa Yaya gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Kunyar taka ce, ƙanina, amma kuɗin na yarana ne.”

Aka raba gado. Da muka koma kotu, lauyan magada ya ce ina sahun gaba ranar jana'iza kuma ban ce komai ba. Liman ya tuna an yi zama, amma bai tuna adadi ba. Ana ta ɗage shari'ar har Yaya ya cika.

Ga masu karatu: in ana cire muku kuɗin fansho, ku je ku duba da idonku. In an yi sulhu a rubuta, ko da wa aka yi. Hakkin da ba naka kaɗai ba ne, ba ka da ikon jin kunyar nemansa.

Shari'ar tana nan, an sa zama wata mai zuwa. Matar Yaya tana yi mini godiya kan zirga-zirgar kotu. Har yau ban gaya mata abin da ya faru a jana'izar Alhaji ba.