Akuyar Jumma da Teburin Baffa Ilu

Wata Alhamis ce a farkon daminar 2006, shuka ta fara leƙowa, aka sauke teburin nan a ƙofar gidanmu a Dogo-Dogo. A saman motar haya ya zo, ƙafafu a sama kamar mushen jaki, an ɗaɗɗaure shi tsakanin buhunan taki da jarkoki. Ina da shekara tara a lokacin. Na dawo daga rijiya da tulu a kai, na tarar maza sun yi cincirindo suna ta "a hankali, a hankali", kalmar da ban taɓa jin sun faɗa wa jakin gidanmu ba. Mai teburin Baffa Ilu ne, ƙanen babanmu, wanda ya tafi cirani Najeriya ana sa ran zai dawo da kuɗin san noma, sai ga shi da wannan. Ya ce sunan abin sinuka. Mushe, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce su a littafi biliyar suka sani. Kaka ta leƙo daga zaure, ta dubi koren ƙyallen da ramukan nan shida, ta ce, "To, ta ina ake zuba hatsin?" Kowa ya yi dariya ban da ita.

Jikin katangarmu aka kafa masa rumfa. Ƙasar wurin rairayi ce, ƙafa ɗaya ta yi ta nutsewa, sai wani mai dabara ya shiga gida ya ɗauko dutsen niƙan Kaka, wanda ta zo da shi gidan aure, aka tokare ƙafar da shi. Ba wanda ya tambaye ta. Wai ai inji ya zo gari, me tsohuwa za ta yi da dutse. Wasan kuwa ba wani abu ba ne: ka zunguri farar ƙwallo da doguwar sanda, ita kuma ta tura 'yan uwanta rami, wanda ya gama da nasa ya jefa baƙar shi ya ci. Iyakarta ke nan. Mu 'yan mata a dandali muna carafke, dutse na sama hannu na kwasar na ƙasa, ido ɗaya na kan ƙanin da aka goya miki, ba wanda ya taɓa yi mana tafi. Amma ƙato ya tura ƙwallo rami da sanda, sai ka ji ihu kamar an ga watan sallah.

Ni ba mai yawo ba ce tun ina ƙarama, lakwal ɗin ma ban daɗe ba aka ce in zauna in taya Inna aiki. Madafarmu da turken awaki suna bayan katangar nan daidai, don haka duk abin da ake a rumfa a kunnena yake sauka. Ina surfe ina ji, ina tankaɗe ina ji. Kafin kaka na san bugun kowa ba tare da na gan shi ba. Na Baffa Ilu kamar faskare. Mushe sai ya yi gyaran murya tukuna, ya buga, ya kuskure, ya zagi sandar da Faransanci. Akwai masu bugun da ƙwallo ke tsalle ta faɗo cikin gidanmu, in tsinta a gindin turmi in jefa musu, ko sannu babu.

Sai Yaya Sallau, babban wanmu. Kafin zuwan teburin, in ya kama hauya ba ya waiwaye sai ya kai ƙarshen gona. Baba yana Agadas wajen nema, sai dai aike, gonar a hannun Sallau take. Teburin ya shanye shi kamar yadda rairayi ke shanye ruwan wanka. Ya fara cewa kantar noma tana hana sanda santsi a hannu, saboda haka hauya ba ta dace da shi ba. Hodar Inna ta jego ya riƙa sata yana barbaɗa wa yatsunsa. Samari suka sa masa suna Shampiyo, ya amsa, har in Inna ta kira "Sallau" sai ta maimaita. Layinsa na gona kuwa ni da Inna da ƙanena muka gaje shi. Muna duƙe cikin rana, ƙarangiya ta cika mana zane, shi yana inuwa ana yi masa kirari. Kuma sirrinsa bai fi ƙwayar gero ba: teburin ya ɗan karkata wajen ƙafar da ke kan dutse, ƙwallo in ta rage gudu can take gangarawa. Ya san haka, baƙi daga Waca da ƙauyuka ba su sani ba. Sai ya cinye su, ya ƙara da bugun ƙarfi don 'yan kallo, ya shigo gida yana tambayar me ya sa fura ba ta yi laushi ba.

Abin da ke sanyaya mini rai a shekarar nan Kyalla ce. Kaka tana da ƙawa tun suna 'yan mata, Jumma, Bafillatana daga rugar yamma da gari. Kullum ta shigo tallan nono, a ɗakin Kaka take sauke ƙwarya, su baje a tabarma suna tsokanar juna. Jumma ta ce Hausawa ba su san komai ba sai tuwo, Kaka ta ce Fulani sun fi son saniya da 'ya'yansu, su yi ta dariya har nono ya kusa tsami. Bayan girbi Jumma ta jawo wata akuya ja mai farar ɗamara a ciki, ita ce Kyalla, ta damƙa mini igiyar. Habbanaye ce, irin aron da Fulani ke bayarwa: ka riƙe uwar, ka ciyar da ita, in ta haihu ɗan naka ne, uwar ta koma ga mai ita. Ba takarda, ba shaida, sai fuska. "Ke na ba wa, ba gidanku ba," in ji ta. Na yi wa akuyar nan bauta. Na tsinto mata 'ya'yan gawo, na ɓoye mata dusa, na raba harawa da ita da jaki ina cutar jakin. Da damina ta zagayo cikinta ya yi nauyi, nakan kwantar da kunne a kansa in ji motsi. Zai zama abu na farko a duniya da za a ce nawa ne.

Mutumin ya zo ne washegarin wani ruwa mai yawa, ana tsakiyar noman farko, gari ya watse gona in ban da masu hoda a hannu. Inna tana gona, Kaka ta tafi suna wata unguwa, ni aka bari in dama fura in kai. Dillalin dabbobi ne daga wajen Mallawa, siriri, da tsohuwar kwat, a kan moto ja, wato babur. Na ji an ce a kawo wa baƙo ruwa, na fita da kwanon sha. Bai sha ba tukuna. Tsakiyar teburin ya ajiye kwanon, ya tsaya yana kallo. Ruwan ya kwanta gefe ɗaya, ya kusa taɓa baki. Ya dubi ruwan, ya dubi dutsen Kaka, sannan ya ɗauka ya shanye. Baffa Ilu ya fara kame-kame, wai za a gyara. Mutumin ya ce, "A'a, a bar shi. Kowa da shimfiɗar gidansa."

Ba sa kiran abin caca, don liman ya yi wa'azi a kai. Ɗan abin goro suke cewa. Na koma bakin turmi, aka fara. Baƙon ya faɗi, ya sake faɗuwa, samari na ta "Shampiyo, Shampiyo". Ni kuwa bugun nan nasa bai kwanta mini ba. Yana da ƙara, amma ƙarar irin dariyar baƙon da bai ji daɗin tuwo ba ce. Can na ji ƙarar makulli a kan katako. Baƙon ya ce ya gaji da wasan yara, ga motonsa, Shampiyo me zai ajiye? Sallau kuwa ko wandon jikinsa Baba ne ya aiko. Daidai nan Kyalla ta yi kuka daga turke. Mutumin ya ce, "Waccan mai kukan fa?" Na jira Baffa Ilu ya buɗe baki, shi da ya san komai. Sai ya kau da kai, ai kowane wasa da rabonsa a ciki. Sai muryar wana: "Tamu ce."

Na yar da taɓarya na je na riƙe igiyarta. Akwai wata kafa da ruwa ya ci a katangar, ta nan na sa ido. Sallau ya fasa ƙwallaye da bugu kamar tsawa, ya jefa biyu, aka yi sowa, ya juyo yana murmushi wa jama'a, ya kuskure ta uku. Daga nan ƙarar rumfar ta sake. Tik. Shiru. Sai wani ɗan lugub a cikin rami. Sai takun ƙafa a jiƙaƙƙen rairayi yana zagaya teburin ba gaggawa, sai ƙiƙi-ƙiƙin shuɗin alli a bakin sanda, sai tik kuma. Abin da na gani ta kafar nan har yau yana idona: baƙon ba ya ko kallon ƙwallon da zai jefa, wannan ya riga ya gama da ita a zuci. Inda farar za ta tsaya yake kallo. Ita kuwa tana bin sa kamar maraƙi bayan uwa, ta gangara ta tsaya daidai inda zai buƙace ta. Karkatar da Sallau ya shekara yana ci da ita, shi wannan a kwanon ruwa ɗaya ya karance ta, ya sa ta yi masa aiki. Wana bai sake ɗora sanda a teburin ba. Yana tsaye, hoda fari fat a hannu, har baƙar ta shige.

Da sallama baƙon ya shigo gidanmu, da ladabinsa. Na nannaɗe igiyar a hannu na ce, "Baba, ba tamu ba ce, ta habbanaye ce. Ciki gare ta." Ya dubi cikin akuyar da irin idon da ya dubi kwanon ruwa, ya ce, "Na gani, 'yata. Ai shi ya sa." Bai fizga ba, bai ɗaga murya ba. Yatsuna ya ɓamɓare ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da hannun nan mai laushi. Ya ɗaure ta a bayan moto. Na ji kukanta har ya wuce rijiya, har ƙarar injin ta haɗiye shi.

Kaka ta dawo aka gaya mata. Ko mayafi ba ta cire ba, ta fita rumfa ta ce wa ƙattan nan, "Ku ɗaga." Suka ɗaga kamar yara, ta sa ni da ƙanena muka mirgino dutsenta. Da suka saki, ƙwallayen duka suka ruga kusurwa ɗaya kamar kaji sun ga shaho. Ta wanke dutsen tas ta mayar ɗaki. Da safe ta kama hannuna muka tafi ruga. Jumma tana kaɗa nono, ta saurara har ƙarshe ba ta daina kaɗawa ba. Sannan ta ce, "Akuyar habbanaye in ta mutu ba a biya, Mai ita ne ya karɓa. In kura ta ci, ba a biya. Wannan kam ban san sunansa ba." Da Baba ya yi aike aka sayi wata akuyar aka kai mata, ta karɓa ta yi godiya. Amma ƙwaryarta ba ta sake sauka a ɗakin Kaka ba. Ina jin muryarta tana sallama a gidan maƙwabta, ina jin takunta ya wuce ƙofarmu, Kaka kuma ta yi kamar tana neman wani abu a ƙarƙashin gado. Sai ranar rasuwar Kaka Jumma ta shigo, ta zauna bakin ƙofa, ta daɗe.

Teburin ya ƙare ana shanya kuɓewa a kansa, kaji na kwana a ƙarƙashi. Yaya Sallau yanzu kabu-kabu yake a Magarya, gemu ya yi fari, kuma har gobe in aka taɓo zancen cewa yake ruwan daren ne ya jiƙa ƙyallen.

Ni ina Dungas a ɗakina, ba inda nake zuwa. Kwanan baya ɗana Habu ya kawo mini salula yana nuna mini manyan gwanayen duniya, cikin baƙar falmaran, jama'a cike da zaure an yi tsit kamar ana huɗuba. Ya ce, "Inna, me ya sa waɗannan suka fi kowa?" Na rufe ido na saurara, sai ga tik ɗin nan, shi ne dai, bai tsufa ba. Na ce masa hannu ne mai sanyi, da idon da ke kallon inda farar za ta tsaya, da haƙurin da zai sa mutum ya faɗi da gangan yana jiran babban kamu. Wannan ba zan hana su ba. Amma na ce ya tambayo mini wa ke noma musu layinsu, kuma igiyar wa aka ɓamɓare kafin su kai nan. Ya yi dariya, wai ni ban san wasa ba. Na bar shi. Da can a tsakar gida ɗaya ana jin turmi, da kukan akuya, da tsofaffi biyu na zagin juna cikin ƙauna. Yanzu kowane yaro da teburinsa a tafin hannu, ba ya ko buƙatar dutsen kakarsa. Ita Jumma ta riga mu gidan gaskiya, rugar ma ta tashi.

Har yau ban san launin ɗan da Kyalla ta haifa ba.