Fentin da Kawu Ya Shafa wa Gahawarsa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da gidan shayi a bakin Harra ta Gabas. Gahawa muke ce masa, kamar kowa a Madina. Kakansa ne ya gina shi bayan ya iso daga Kano a ƙafa, ya sauke farali, ya ga ba shi da ƙarfin komawa.

Da baƙin dutsen harra, wato dutsen aman wuta na yankin, aka ɗaga bangon, kaurinsa ya kusa kamu biyu. Ko a tsakiyar zafi ka shiga, sai ka ji sanyi kamar ka leƙa cikin randa. Rufin kututturen dabino ne, hayaƙin shekaru ya mai da shi baƙi ƙirin. A saman ƙofa akwai tagar katako mai sassaƙa, wadda ake kira roshan. Tsofaffinmu kan zauna a dogayen gadajen igiya suna kurɓar shayi da na'ana'a, suna gardama da Hausar Kano da ta Damagaram da ta Sudan, kowa na rantsuwa tasa ce ta asali. A nan kaɗai nake jin Hausa ta cika ɗaki.

A shekarun casa'in rusau ya matso unguwarmu. Lokacin ina aiki a kantin magani, sai wani abokin aikina ya ce akwai kwamitin da ke zagayawa yana rubuta tsofaffin gine-ginen da suka cancanci a bar su. Na rubuta takarda, na yi ta zarya har aka sa mana rana. Na je wa Kawu da murnata.

"Kawu, nan da sati biyu baƙi za su zo duba ginin nan. In ya yi musu, ba mai taɓa shi."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban gaya masa tsufan suke nema ba, don ni a wautata na ɗauka kowa ya san haka. Na tafi Jidda wani aiki hankalina kwance.

Ranar da na dawo sai da na wuce wurin, ban gane shi ba. An yaɓe dutsen da siminti, an shafe shi da farin fenti. An rufe kututturen da silin, an shimfiɗa tayil, kujerun roba sun maye gadajen. Tsofaffin nan duk da hannunsu a aikin, wani har da fenti a gemu. Inda roshan yake, tagar alminiyam ce ke ƙyalli.

"Kawu, ina roshan ɗin?"

"Wannan ruɓaɓɓen katakon? Na ba mai gurasa ya hura tanderu." Ya dafa kafaɗata. "Ya waladi, ɗana, manyan baƙi za su zo, in bar su su tarar da hayaƙi da tsufa? Aib ne! So kake su ce mu Takari, 'yan ƙasar Hausa, ba mu san tsafta ba?"

Wallahi na so in yi ihu, amma da na ga yadda idonsa ke neman yabo, sai na haɗiye.

Mutum uku suka zo. Suka sha shayi, suka zaga, ɗaya ya ƙwanƙwasa bango ya dubi ɗan'uwansa. A bakin mota wanda ya ƙwanƙwasa bangon ya gaya mini a hankali cewa babu sauran abin da za su rubuta.

Kafin shekara ta zagayo an share wurin. Tsofaffin suka watse, wasu Uhudu, wasu Khalidiyya wajen 'ya'yan da ake yi wa Hausa suna amsawa da Larabci. Kawu ya koma zaman gida, ya daina fita sai masallaci.

Ina kai masa maganinsa duk Juma'a. Wata rana ya riƙe hannuna ya ce, "Faɗa mini gaskiya, me muka rage ba mu gyara ba? Ko tayil ɗin ne bai yi musu ba?"

Na ce, "Ƙila shi ne, Kawu."

Da wannan amsar ya rasu.