Ƙafar Hagun Gwaggo

Shekara talatin Gwaggo, yayar babana, ta yi tana koya wa mutane tuƙi a ƙaramar jif ɗinta mai giyar hannu. Dokarta ɗaya ce: duk wanda ya zauna a mazaunin direba sai ya cire takalmin hagu, don tafin ƙafa ya ji inda kuloci ke kamawa. Ita ma haka take tuƙi. Ni kaina na sha rankwashi kafin na iya tayar da motar a kan tudu ba ta mutu ba. Mota otomatik kuwa, kujerar falo Gwaggo take ce mata, wai ta malalata ce.

Sai gwiwar hagu ta ci amanarta. Likita ya ce ita da taka kuloci har abada. Babban ɗanta, wanda ita ta koya masa riƙe sitiyari, ya jefa makullin a aljihu, ya ce ta huta, duk inda za ta je zai kai ta. Sati uku tana zaune da jaka a cinya tana jiran ya samu lokaci. Ban taɓa jin haushin ɗan'uwan nan nawa kamar lokacin ba.

Wata Litinin ta ce in raka ta wurin dillalin motoci, ɗan ya biyo mu yana mita. Dillali ya nuna mana jif iri ɗaya guda uku: mai giyar hannu, otomatik, da wata otomatik ɗin da in ka ga dama za ka riƙa canja mata giya da hannu, ba kuloci. Duk bayanin nan ɗan nata dillalin yake yi wa, sai ka ce Gwaggo rakiya ta zo. Ta shafa mai giyar hannun sau ɗaya, ta wuce wurin ta ukun, ta ce a ba ta makulli.

Muka shiga, dillali a gaba. Ta cire takalmin hagu kamar kullum. Ko ƙofar fita ba mu kai ba ƙafar ta tafi neman kuloci, ta danne birki iya ƙarfinta. Goshin dillali ya gaisa da gilashi.

"Kin gani ko, Inna?" in ji ɗanta daga baya. "Don Allah ki sauko mu tafi gida."

Gwaggo ba ta waiwaya ba. Na zaci za ta miƙa wuya. Sai ta sunkuya ta lalubo takalmin, ta sa wa ƙafar, ta ja maɗaurin tam, ta tura ta can ƙarƙashin kujera.

"Ita ce ta yi ritaya," ta ce. "Ni ban yi ba. Malam, ɗaura bel."

Sau biyu ta zaga da mu unguwar, hannunta a kan giya, har da tudun nan da na sha rankwashi a kansa. Da muka tsaya, ta dubi ɗanta ta madubi, ta ce masa daga yau duk inda zai je ya faɗa mata, za ta kai shi in ta samu lokaci.