Yaran da Suka Koma a Bayan Kuyello

Mun tashi da asuba daga Zariya a Landirobar ofis, ni da direba da malamin lissafinmu, wani mutumin Kudu mai Hausar makaranta. Maganar ruwa ce ta kai mu ƙasar Birnin Gwari. Bara waccan an haƙa rijiya a wani ƙauye bayan Kuyello, maƙwabtansu kuwa har yau tafki ɗaya suke sha da shanu. Manya sun ce in lissafi ya nuna yaran masu rijiya sun fi rayuwa, za a haƙa wa masu tafkin tasu kafin damina.

Muna barin Funtuwa hanya ta fara nuna mana halinta. Daji ne sosai, ɗorawa da kaɗanya, birai na tsallake titi ko kallonmu ba sa yi. A wata 'yar kasuwa muka sami wainar sisi, direba ya ci har sai da ya sassauta tazuge.

A mota malamin ya bayyana mini aikinsa. Yaro iri biyu ne ke fita daga lissafi: wanda ya rasu, da wanda iyayensa suka tashi da shi, kamar Fulani masu bin ciyawa. Na biyun ba a sa shi cikin matattu, tunda da ransa aka rabu da shi. Ya ce bara da ya zo shi kaɗai, ya tarar masu tafki ba sa rasa yara sosai, yawan tashi kawai suke yi.

A ƙauyen masu tafkin aka tarbe mu da fura, an dama ta da ruwan nan mai kamar koko. Don kunya na kurɓa. Muka shiga gidan wata mata da malamin ya ga jaririnta bara, tana bakace a tsakar gida.

Ya tambaye ta jaririn: "Baiwar Allah, ina Ɗanladi?"

"Ya koma, Malam."

"Ya koma ina? Wane gari?"

Ta sunkuyar da kai, faifan ya tsaya a hannunta. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja shi waje na faɗa masa cewa a bakin uwa jariri ba ya mutuwa, komawa yake yi. Ya zauna a kan turmi ya cire tabarau. Bara duk yaron da aka ce masa ya koma, cikin masu tashi ya rubuta shi. Ashe duk masu tashin nan na bara suna nan bayan gari, ƙarƙashin ƙasa. Muka bi gida-gida muna sake tambaya, muna fama wa mutane ciwo.

A Birnin Gwari ya sake buga lissafin. Bambanci ya fito, amma ya ce yaran kaɗan ne, manya za su ce dace ne kawai. Raina ya ɓaci, na tambaye shi me ya rage.

"Malam, wannan lissafi ba yawan masu rai ke ba shi ƙarfi ba. Yawan waɗanda suka rasu ne. Za su ce a jira wata damina."

Har muka iso gida ba wanda ya ƙara wasa, ko direba. Na koyi cewa kalma ɗaya na iya ɓoye kabari, na kuma gane abin da ake jira in an ce a jira damina. 'Yata ta kawo mini ruwan famfo a moɗa, na riƙe na kasa sha.